Arthur Ashe: Zakaran Tanis Da Aka Kora Daga Fili A Legas

Ranar 16 ga Fabrairu, 1976, kwana uku bayan kisan Janar Murtala Muhammed, sojoji suka kutsa filin tanis na Legas ana tsakiyar wasa. Suka ɗora wa wani baƙar fata ɗan Amurka bindiga a baya, suka tasa ƙeyarsa waje, hannuwa a sama. Arthur Ashe ke nan, kuma a lokacin shi ke riƙe da kofin Wimbledon.

Hana shi fili ba sabon abu ba ne a wurinsa. An haife shi a 1943 a Richmond, jihar Virginia, zamanin da baƙi ba sa taka filayen wasan farare. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Babansa mai kula da wani filin wasa ne na baƙaƙen fata, nan yaron ya koyi bugu. Mu da muka taso a Rawayau, ƙwallon ƙafa da dambe muka sani, tanis kuwa sai mu ce ai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. To ga ɗan mai gadin fili.

A 1968 ya ci gasar US Open yana hafsan soja. Da yake bai zama ƙwararren da ake biya ba tukuna, dala 14,000 na kyautar sai aka miƙa wa wanda ya kayar, Tom Okker. Ka ji fa! Ya ƙara da gasar Ostareliya a 1970, sannan ya doke Jimmy Connors a Wimbledon a 1975. Afirka ta Kudu ta sha hana shi biza, sai a 1973 ta bari ya shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne idonsa a kan na baya. A 1971, a Yawunde ta Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana bugu, ya yi masa hanya aka kai shi Faransa horo. Yaron, Yannick Noah, ya ci gasar Faransa a 1983.

Ciwon zuciya ya sa Ashe ya bar wasa a 1980, ya koma jagorantar tawagar Amurka a gasar Davis Cup, suka ɗauki kofin a 1981 da 1982. Wajen tiyatar zuciya a 1983 aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ya sanar wa duniya a 1992, ya shiga wayar da kan jama'a a kan cutar har ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49.