LINDA RICHARDS, UWAR MASU JINYA A AMURKA

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya ga wata takarda da ake ratayewa a gindin gadon majiyyaci. A kanta mai jinya takan rubuta zafin jikin mutum, da bugun jininsa, da irin maganin da aka ba shi, da sa'ar da ya sha. Da gari ya waye likita ya zo, sai ya duba takardar ya san yadda majiyyacin ya kwana. Mun saba da ita har muna tsammani tun fil'azal haka ake yi, amma ba haka ba ne. Akwai lokacin da ko a manyan asibitocin Amurka ba a rubuta kome, da baki ake ba da labarin marar lafiya, abin da aka manta kuwa ya tafi ke nan. A wannan wata za mu ba ku labarin wata baiwar Allah wadda ta taimaka ƙwarai wajen sāke wannan hali. Sunanta Linda Richards.

An haife ta ran 27 ga Yuli, 1841, a jihar New York ta ƙasar Amurka. Ita ce auta cikin 'yan mata uku. Ubanta mai wa'azi ne, ya kuwa raɗa mata suna Malinda Ann Judson, domin tunawa da Ann Judson wadda ta tafi ƙasar Bama da mijinta garin kai bishara. Fatansa ke nan 'yarsa ta bi sawun wannan mace wata rana. Amma bai rayu ya gani ba. Tana da shekara 4 suka yi ƙaura zuwa Wisconsin, ba su daɗe da sauka ba tarin fuka ya kashe shi. Uwar ta kwashe 'ya'yanta suka koma wajen danginta a Vermont. Can kuma ita ma ciwon nan ya kama ta. Linda ce ta yi jinyarta har ta rasu a 1854. Yarinyar tana da shekara 13 ta zama marainiya gaba da baya.

Likitan da ya duba uwarta, Dokta Currier, ya lura yarinyar tana da hannun jinya, sai ya riƙa tafiya da ita gidajen marasa lafiya, yana nuna mata abin da ya sawwaƙa. Da ta girma ta yi shekara guda a makarantar St. Johnsbury, ta zama malamar makaranta. A 1860 ta sadu da wani saurayi, George Poole, suka yi alkawarin aure. Sai yaƙi ya tashi tsakanin jihohin arewa da na kudu na Amurka, wanda maganar bauta ce tushensa. George ya shiga soja, aka yi masa mummunan rauni a 1865. Ya komo gida, Linda ta yi ta jinyarsa shekara huɗu, ya rasu a 1869. Ba ta ƙara yin maganar aure ba har iyakar ranta.

Ga shi, mutum uku da ta fi ƙauna ciwo ya ɗauke, biyu daga cikinsu a hannunta. Wata da sai ta ce ta gaji da ganin ɗakin ciwo. Linda kuwa abin da ta koya daban ne. Ta gane cewa ƙauna da tausayi kaɗai ba su isa a gefen gadon majiyyaci ba, sai an haɗa da sani. Ta ƙudura a ranta za ta nemi inda ake koyar da jinya kamar yadda ake koyar da kowace sana'a.

Amma a Amurka ta wancan zamani samun wurin nan da wuya. A 1870 ta kama aiki a babban asibitin birnin Boston da begen za a koya mata. Maimakon koyarwa sai shara da wanke-wanke, gama a lokacin ana ɗaukan mai jinyar asibiti kamar baranya ce kawai. Bayan wata uku ta bar wurin, ba ta da lafiya kuma. Duk da haka ba ta fid da zuciya ba.

A 1872 ta ji labari wani asibitin mata da yara a Boston, mai suna New England Hospital for Women and Children, zai buɗe makarantar jinya a ƙarƙashin wata likita mace, Dokta Susan Dimock. Linda ce ta fara rubuta sunanta, su biyar ne a ajin. Karatun shekara guda ne, amma mai tsanani. Da ƙarfe biyar da rabi na asuba suke tashi, ba su barin ɗakin majiyyata sai ƙarfe tara na dare. Ko da dare ma ba hutu sosai, gama kowace ɗaliba tana da majiyyata shida a hannunta, tana kwana a wani ɗan ɗaki kusa da su, in ɗaya ya yi kira dole ta tashi. Ba su da littattafan karatu. Kwalaben magani lamba aka sa musu maimakon suna, har mai jinya ba ta san abin da take ba mutum ba. A 1873 Linda ta karɓi takardar shaidarta, ita ce kuwa ake kira mai jinya ta fari da ta gama makarantar jinya a Amurka. Daga wannan makaranta ce kuma, a 1879, Mary Mahoney ta fito, baƙar mace ta fari a ƙasar da ta sami irin wannan takarda.

Daga nan Linda ta tafi asibitin Bellevue a birnin New York, aka sa ta shugabar masu aikin dare. Asibiti ne babba, cike da matalauta. Da dare akan rage fitilu ƙwarai, har da ƙyar ake ganin fuskar majiyyaci. Umurnin likita da baki ake faɗa, labarin dare kuma da baki ake mayarwa da safe. Ku duba hatsarin da ke ciki: mace guda mai gajiya tana riƙe da labarin mutane da yawa a ka, wa ya sha magani, wa ya yi amai, wa zazzaɓinsa ya hau da tsakar dare. In ta manta abu guda, ko ta ɗora na wani a kan wani, ran mutum ne a ciki.

Wata rana ta rubuta labarin wani majiyyaci domin shugabarsu, Sista Helen. Likitan sashen ya ga takardar, ya zaci dominsa aka rubuta. Ta yi masa amfani ƙwarai, sai ya roƙi Linda ta riƙa rubuta masa labarin duk wanda ciwonsa ya yi tsanani. Daga wannan ƙaramin mafari ta shirya hanyar da kowane majiyyaci zai kasance da takardarsa, ana rubuta abin da aka gani da abin da aka yi. Sauran asibitoci suka ɗauka, dabarar ta haye har Ingila.

A 1874 aka kira ta ta shugabanci makarantar jinya ta asibitin Massachusetts General a Boston. Makarantar tana bakin mutuwa, gama likitoci da yawa ba su so ta, suna ganin mai jinya ba ta bukatar karatu. Linda ba ta tsaya gardama da su ba. Ta shirya azuzuwa, ta raba aikin rana da na dare, ta sa aka ɗauki ma'aikata domin wanki da shara, ɗalibai su sami zarafin zama da majiyyata. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani kuwa ita da kanta takan kwana a kansu, domin likitoci su ga bambanci da idonsu. Suka gani. Waɗanda dā suke ƙin makarantar suka koma suna neman a aiko musu da ɗalibanta.

Ko da sunanta ya fara fita, ba ta ɗauki kanta ta gama sani ba. A 1877 ta haye teku zuwa Ingila, ta yi wata bakwai tana koyo a asibitin St. Thomas da na King's College a Landan, da babban asibitin Edinburgh. Ta sadu da Florence Nightingale, wadda ta karɓe ta da murna har ta sauke ta a gidansu na ƙauye. Da ta komo, a 1878, ta kafa makarantar jinya a babban asibitin birnin Boston, wato wurin nan da dā aka ba ta tsintsiya maimakon koyarwa.

Sa'an nan fatan ubanta ya cika. Wata ƙungiyar mishan ta Amurka tana neman wadda za ta koyar da jinya a ƙasar Japan, Linda ta ba da kanta. Ta isa can a farkon 1886, tana da shekara 44, shekarun da koyon sabon harshe ba shi da sauƙi. Ta zauna ta koyi Japananci. A birnin Kyoto, tare da likitan mishan Dokta John Berry, ta buɗe makarantar jinya ta asibitin Doshisha, ɗaya daga cikin na fari a ƙasar duka. Tana koya wa 'yan mata wankan majiyyaci, da ɗaurin miki, da rubuta takardar gado, tana kuma koyar da Littafi Mai Tsarki. A 1888 ɗalibanta na fari, su huɗu, suka gama. Ta yi wajen shekara biyar a Japan, sa'an nan rashin lafiya ya sa ta koma gida.

A Amurka ta ci gaba da kafa makarantu da gyara waɗanda suka raunana, a Philadelphia da wasu birane. Sa'ad da shugabannin makarantun jinya suka haɗa ƙungiyarsu, ita suka zaɓa ta zama shugabarsu ta fari. Mai irin wannan girma da ta so sai ta zauna a asibiti mai suna ta huta. Amma daga 1899 ta juya wajen waɗanda kowa yake gudu, wato masu taɓin hankali. A lokacin tsaronsu kawai ake yi, masu lura da su kuwa ba wanda ya koya musu kome. Linda ta ɗauka cewa ciwon hankali ciwo ne kamar sauran, mai shi kuma ya cancanci mai jinya da ta san aikinta. Ta shugabanci makarantun jinya a asibitocinsu na Taunton da Worcester da Kalamazoo.

A 1911, tana da shekara 70, ta ajiye aiki, ta rubuta littafin tarihin rayuwarta. A 1923 ciwon shanyewar jiki ya same ta. Aka kai ta asibitin nan na mata da yara inda ta fara koyo, masu jinya na baya suka lura da ita kamar yadda ta lura da wasu. Can ta rasu ran 16 ga Afrilu, 1930, tana da shekara 88.

Linda Richards ba ta haifi ɗa ko 'ya ba, amma 'yan matan da suka bi ta hannunta a Amurka da Japan sun koya wa wasu, waɗannan kuma suka koya wa na bayansu. 'Yan'uwa, in akwai yarinya a cikin ikilisiyarku mai zuciyar taimakon marasa lafiya, kada ku ce kirkinta ya isa. Ku taimake ta ta sami koyarwa. Ku kuma da kuke aikin jinya, kada ku rena rubutun nan na dare sa'ad da barci yake idonku, gama wanda zai karɓe ku da safe da shi zai san abin da zai yi wa majiyyacin.