Tarihin Booker T. Washington: Ɗan Bawan Da Ya Haɗa Karatu Da Sana'a

Shi dai Booker T. Washington an haife shi ne a shekarar 1856 a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, cikin ƙangin bauta. Mahaifiyarsa, Jane, baiwa ce mai dafa abinci a gonar wani Bature. Yana ɗan shekara tara aka 'yanta bayi a 1865, iyalin suka koma garin Malden, inda talauci ya jefa shi aikin dafa gishiri, daga baya kuma haƙar kwal.

A 1872, yana da shekara 16, ya kama hanyar makarantar Hampton, tafiyar kimanin mil 500, wani wuri a keken doki, wani wuri a ƙasa. Ya isa da dauɗa a jiki, aljihu kusan wayam. Shugabar malamai ta yi jinkirin karɓarsa, sannan ta ba shi tsintsiya ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Sharar nan ita ce jarrabawarsa ta shiga makaranta, kuma da aikin shara ya riƙa biyan kuɗin abinci da makwanci har ya kammala a 1875.

Wannan ya tsaya masa a rai: yaro mai ƙwaƙwalwa yana iya faɗuwa a bakin ƙofar makaranta don kawai ba shi da abin biya. A 1881 aka ba shi shugabancin wata sabuwar makaranta a Tuskegee, jihar Alabama. Ya fara da ɗalibai 30 a wata tsohuwar bukka da coci, domin dala 2,000 da gwamnatin jihar ta ware a shekara ta albashin malamai ce kaɗai.

Ɗaliban ne suka gina makarantar da hannunsu. Sau uku gashin tubali yana lalacewa, har ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 aka sake gwadawa, na huɗu ya yi kyau. Daga nan aka shiga koyar da gini, kafinta, ƙira, ɗinki, ɗab'i da noma tare da karatun littafi.

A 1884 ya buɗe ajin dare domin waɗanda ba su da ko sisi. Ɗalibi zai yi aikin awa goma da rana a wurin sana'a, ya yi karatun awa biyu da dare. Akasarin ladansa ana ajiye masa, da shi zai biya kuɗin abinci da makwanci idan ya koma ajin rana. Ta haka yara da yawa da za su watse suka zauna.

Bai tsira daga suka ba. A 1903 masani W.E.B. Du Bois ya zarge shi da fifita sana'a a kan ilimi mai zurfi da 'yancin siyasa, da kuma lallaɓa Turawa masu wariyar launin fata. Bayan mutuwarsa aka gano cewa ya riƙa biyan kuɗin shari'o'in yaƙi da wariya a ɓoye.

Ya mutu a watan Nuwamba 1915, ya bar makaranta mai ɗalibai kimanin 1,500. Yau ita ce Jami'ar Tuskegee. Iyaye da shugabannin matasa na zango, a duba: yaron da rashi ke neman kora daga sakandare, ajin sana'a na iya riƙe shi.