Hugh Clapperton, Baƙon Kano

An haifi Hugh Clapperton a shekarar 1788 a Annan, wani ɗan gari kusa da bakin teku a ƙasar Sikotilan. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa. A 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ratso hamada ta Barno ya iso Kano, ana kiransa Abdullahi. Ya rubuta labarin tsarin kasuwar birni da aikin marina da na majema. Ashe tun kafin masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, Kanawa gwanayen sana'a ne. Daga nan ya zarce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A zuwansa na biyu ciwo ya kama shi, ya mutu can a 1827.