Abubakar Imam: marubucin da ya sa aku ya hana ɗan sarki zuwa yaƙi

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya koyar a Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, da littafinsa Ruwan Bagaja. A cikinsa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun yi ta ƙulla wa juna sharri gari bayan gari, daga bisani suka ajiye gaba suka shirya.

Hazaƙarsa ta sa East ya nemi a aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta. Ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa har suka zama 'yan gida.

Yaƙi ne ginshiƙin littafi na farko. Sarkin Sinari ya nemi a haɗa 'yarsa Sinaratu aure da Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, aka wulaƙanta manzonsa, sai aka ɗaura yaƙi. Sarki ya fita daga, ya bar Musa a gida, ga kuma Waziri yana cin amana a ɓoye. Duk daren da Musa ya yi ɗamarar bin mahaifinsa, sai aku ya riƙe shi da labari har gari ya waye. Da haka tsuntsu ya ceci ran yaron, ya kuma sami sarautar Waziri.

Ba a jima ba yaƙin gaske ya iso. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko, a lokacin da jita-jitar za a miƙa Nijeriya ga Jamus ta cika kasuwanni. Shi ya riƙa warware wa talakawa labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshen da suke ji. A 1943, wuta na ci, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya zauna da Lord Lugard, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ya bayyana masa koke-koken mutanen Arewa. Wannan tafiya ce ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A Tudun Wadar Zariya ya kafa gidansa, ya kuma yi wa gwamnatin Arewa hidima a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Har yau ana karanta labaran akunsa a makarantun ƙasar Hausa. Allah ya jiƙansa da rahama.