Reggie White (1961–2004): Mai Wa'azin Da Ya Koma Ɗalibi

Duk wanda ya zaga layin 'yan gwanjo a Kasuwar Kure da ke Minna zai ga waɗansu riguna masu faɗin kafaɗa, da manyan lambobi gaba da baya. Samari suna saye suna sawa, amma kaɗan ne suka san cewa rigunan wani wasa ne da ake kira ƙwallon Amurka. Idan aka ci karo da koriya mai lamba 92 da sunan White a baya, to, kwafin rigar wani bawan Allah ce wanda labarinsa ya cancanci a karanta shi a gidajen masu bi. Ya yi ƙarfi, ya yi suna, ya yi dukiya, ya hau bagadi tun yana yaro. Amma a ƙarshen kwanakinsa ya ajiye wa'azi, ya zauna yana koyon Maganar Allah kamar ɗan ajin baftisma.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Reginald Howard White ran 19 ga Disamba, 1961, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Baƙar fata ne. Iyayensa ba su zauna tare ba. Mahaifiyarsa Thelma ce ta fara renonsa, daga baya ya koma hannun kakarsa Mildred, mace mai tsoron Allah wadda ba ta wasa da zuwa sujada. A wurinta ya sha nonon bangaskiya.

Yana ɗan shekara 12 ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa abu biyu yake so ya zama, wato ɗan wasan ƙwallo da mai wa'azin bishara. Allah kuwa ya ba shi duka biyun. Yana shekara 17 wata ikilisiyar Baftis ta ba shi iznin yin wa'azi, tun bai gama sakandare ba, bai kuma taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Wannan batu zai dawo masa daga baya.

Irin wasan da ya yi

Ƙwallon Amurka dabam yake da ƙwallon ƙafa da aka saba da shi a ƙasar nan. Ƙwallon dogo ne kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa ana jefawa. Kowane gefe mutum 11 ne. Gefe ɗaya yana kai hari, ɗayan yana tsaro. Jagoran masu hari shi ne mai jefa ƙwallo, kuma akwai ƙarti biyar da suke yi masa katanga. Aikin White shi ne ya keta wannan katanga ya kayar da mai jefawa tun ƙwallon bai bar hannunsa ba. Ana ƙidaya irin wannan kayarwa kamar yadda ake ƙidaya cin raga. Wasa ne da ya haɗa gudu da kokawa. A irin wannan matsayi ne Osi Umenyiora, ɗan asalin Nijeriya, ya ci kofi sau biyu da ƙungiyar New York Giants.

Tsayin White ya kai mita 1.96, nauyinsa wajen kilo 135, duk da haka yana da sauri. A Jami'ar Tennessee, inda ya yi wasa daga 1980 zuwa 1983, ya yi kayarwa 32, guda 15 a shekararsa ta ƙarshe kaɗai. A can aka laƙaba masa suna Ministan Tsaro, gama a Turanci kalmar minista tana nufin mai hidimar ikilisiya, tana kuma nufin babban jami'in gwamnati.

Shekarun Filadelfiya

Bayan ya yi shekara biyu da wata ƙungiya a Memphis, sai ya koma ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya a 1985. A wannan shekara ce kuma ya auri Sara, Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Jeremy da Jecolia. Cikin shekara takwas ya yi kayarwa 124 a wasa 121. A 1987, da yajin aiki ya rage wasannin shekara, ya yi kayarwa 21 a wasa 12 kacal, aka zaɓe shi gwarzon masu tsaro na ƙasar.

Bai ɓoye bangaskiyarsa ba. Yakan tsaya a bakin titi a unguwannin matalauta yana wa'azi. Bayan an tashi wasa yakan tara 'yan wasa, nasa da na abokan hamayya, su durƙusa a tsakiyar fili su yi addu'a. Shi da Sara sun buɗe gida a Tennessee domin 'yan matan da suka yi ciki ba aure, waɗanda ba su da wurin zuwa.

Zuwa Green Bay

A wancan zamani ɗan wasa ba shi da cikakken 'yancin zaɓen ƙungiya ko da wa'adin yarjejeniyarsa ya cika. White yana cikin waɗanda suka kai hukumar wasan ƙara, aka kuwa sasanta a 1993, 'yan wasa suka sami 'yanci. Ƙungiyoyi da yawa suka yi ta zawarcinsa. Ya ce zai tafi inda Allah ya aike shi. A ƙarshe ya zaɓi ƙungiyar Packers ta Green Bay a jihar Wisconsin, kan dala miliyan 17 na shekara huɗu. Green Bay ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi, baƙar fata kuma ba su da yawa a cikinsa. Tun da a baya ya nuna yana son hidima cikin matalautan manyan birane, mutane suka yi ta gunaguni cewa ashe muryar da ya ji ta faɗa daidai inda kuɗi ya fi tsoka.

A fili kam ya cika alkawari. Ran 26 ga Janairu, 1997, a birnin New Orleans, Packers suka doke New England Patriots da ci 35 da 21 a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. White ya yi kayarwa uku a wannan dare. Rabon garin da wannan kofi shekara 29 ke nan. A 1998 aka sāke zaɓensa gwarzon masu tsaro, yana da shekara 37.

Gwaji biyu

A Janairun 1996 aka ƙone majami'ar Inner City da ke Knoxville, inda yake mataimakin fasto. Lokaci ne da ake yawan ƙone majami'un baƙar fata a kudancin Amurka. Saboda sunansa, jama'a suka aiko da gudummawar ɗaruruwan dubban daloli, har da 'yan makaranta a Wisconsin. Ba a sāke gina majami'ar ba. A shekara ta 2000 aka ɗaure babban faston saboda fataucin miyagun ƙwayoyi. Ba a tuhumi White da laifi ba, amma da sunansa aka tara kuɗin, kunyar kuwa ta shafe shi.

Na biyu ya zo a Maris 1998, da aka gayyace shi ya yi jawabi a majalisar dokokin Wisconsin. Ya yi ta siffanta kabilun duniya, kowace da halin da ya ɗora mata, ya kuma yi magana mai zafi a kan masu neman jinsi ɗaya. Jawabin ya jawo masa suka ƙwarai, gidan talabijin na CBS ma ya janye aikin da ya yi niyyar ba shi.

Komawa aji

Ya yi murabus bayan kakar 1998, ya dawo ya yi shekara guda da Carolina Panthers a 2000, sa'an nan ya ajiye gaba ɗaya. Jimlar kayarwarsa 198, ba wanda ya kai shi a lokacin, sai a 2003 Bruce Smith ya wuce shi.

Mutane sun zaci zai buɗe babbar majami'a. Maimakon haka ya daina karɓar gayyatar wa'azi. Ya nemi malami ya soma koyon Ibrananci, yana zama sa'o'i da yawa kowace rana a kan Attaura, har ya ziyarci Isra'ila. A wata hira da aka yi da shi gab da rasuwarsa, ya bayyana cewa ya daɗe yana wa'azin abin da ya ji a bakin mutane, ba abin da ya bincika da kansa ba. Ya ce ikilisiyoyi da yawa sun gayyace shi don sunansa ya cika musu kujeru ne. Ya kuma yi nadamar yadda a dā yake saurin cewa Allah ya yi masa magana. Masu bi sun yi ta muhawara a kan inda wannan bincike ya kai shi, musamman yadda ya ja jiki daga taron ikilisiya, abin da Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗi masu bi a kai. Amma ba mai musun cewa da gaske yake neman gaskiya.

Rasuwarsa

Da safiyar 26 ga Disamba, 2004, kashegarin Kirsimeti, ciwo ya taso masa a gidansa da ke Cornelius a jihar North Carolina, rai ya yi halinsa yana da shekara 43. Likitoci sun ce bugun zuciya ne ya rikice, sakamakon wata cuta da ta kama huhunsa da zuciyarsa. Yana kuma fama da ɗaukewar numfashi cikin barci. Sara ta kafa gidauniya domin wayar da kan mutane a kan wannan ciwo. Maigidan da yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa yana dawowa da dare, ya kamata iyalinsa su kai shi asibiti. A 2005 Eagles da Packers da Jami'ar Tennessee suka keɓe lamba 92 don girmama shi, a 2006 kuma aka sa sunansa a zauren gwarzayen wasan.

Abin koyi

Wasiƙar Yakubu sura 3 ta nuna cewa masu koyarwa za su sha shari'a mafi tsanani. Ikilisiyar da take miƙa bagadi ga mutum don yana da suna, ko kuɗi, ko muƙami, tana cutarsa, tana kuma cutar garken. Afolos gwanin magana ne, duk da haka Bilkisu da Akila sun ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. White bai sami irinsu da wuri ba, shi ya sa ya nemi ilimin da kansa bayan ya yi shekara fiye da 20 yana wa'azi. Iyayen da suka ga baiwa a jikin ɗansu su gode wa Allah, su kuma sa shi a gaban malamai masu aminci kafin a sa shi a gaban jama'a. Ubangiji ya ba ikilisiyarsa wannan hikima. Amin.