Likita Miller, Baƙon da Ya Zama Ɗan Gari

An haifi Likita Walter Miller a Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a London, sa'an nan ya ba da kansa ga aikin Ubangiji a ƙarƙashin C.M.S. Kafin ya sa ƙafa a ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus, yana koyon Hausa daga bakin Hausawa mazauna can.

A 1900 ya biyo Bishop Tugwell har Kano, amma Sarkin Kano Alu ya hana su zama. Suka juya, suka sauka a Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Miller bai fid da zuciya ba. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani, ya kuma tara yara maza a gidansa, suna kwana suna tashi tare da shi. Ya koya musu karatu da rubutu da lissafi da Maganar Allah. Da fari iyaye suna ɗari-ɗari da shi, amma jin Hausarsa da ganin aikin hannunsa ya sa waɗansu suka sake jiki. Daga cikin yaran nan aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa.

A 1929 aka mayar da mishan Wusasa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, shi ne kuwa jigon fassarar. Ya rasu a 1952, a ƙasar da ya maishe ta gida. Mu gode wa Allah saboda bawansa.