Janar Murtala Muhammad, Sojan da Dandalin Kaduna ke Amsa Sunansa

Duk wanda ya san birnin Kaduna ya san Dandalin Murtala, filin fareti da manyan taruka. An raɗa masa sunan Janar Murtala Ramat Muhammad ne, wanda ya mulki Najeriya na kimanin kwana 200 kacal.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamban 1938. Bayan ya kammala Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958, ya sami horo a Sandhurst ta Ingila, kana ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966. A yaƙin basasa shi ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin, amma kisan fararen hula da dakarunta suka yi a Asaba a Oktoban 1967 ya zama tabo a tarihinta.

Da aka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon a Yulin 1975, ragamar mulki ta dawo hannunsa. Nan da nan ya tunkari cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar Apapa. Ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya amince a ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja, ya tsayar da 1 ga Oktoban 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula. A waje kuwa, ya mara wa ƙungiyar MPLA ta Angola baya duk da matsin lambar Amurka.

Matakinsa mafi jawo muhawara shi ne sallamar ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000. Talakawa sun yi murna, sai dai an haɗa da marasa laifi ba tare da an saurare su ba. Masana da dama na ganin tun daga lokacin ma'aikaci ya daina amincewa da kujerarsa, ya fara tanadin ranar kora.

A safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka harbe shi cikin motarsa a Ikoyi, yana da shekara 37. An yi jana'izarsa a Kano. Magajinsa, Janar Olusegun Obasanjo, ya cika alƙawarin 1979, inda ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari.